Ƙamus a Bakin Tanderu

Wasiƙar ta zo ran Talata, Tibilisi na shan ruwan sama,
shafi huɗu, tambarin hukumar birni, ko gaisuwa babu.
Babana Otar ya karɓa da hannun aiki,
ya bar mata yatsu biyar na garin alkama,
ya ce, "Lamara, ke kika yi karatu."
Na karanta. Harshenmu ne, amma ban ji ba.

Sai na sayo ƙamus ɗin lauyoyi a kasuwar bakin gada,
tsoho, wani ya riga ya bi shi da jan biro.

Shiyya: yankin da hukuma ta shata,
ta ce ga abin da za a yi a cikinsa, ga wanda ba za a yi ba.
A taswira an shafa wa layinmu rawaya,
wato mazauni zalla, wurin kwana, ban da sana'a.
Baba ya leƙa taga, ya daɗe yana duban duwatsun titi.
"Ni ban ga rawaya ba.
Shekara talatin da ɗaya ina manna ƙullu a ramin nan,
ashe barci aka so in yi?"

Jingina: ka karɓi kuɗi, gidanka ya tsaya maka.
Naka ne, har ranar da ya tashi daga naka.
Kuɗin ruwa: abin da bashi ke haifa in ya kwana.
Nan ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
"Wannan na san shi, ai yis ne.
Rufe shi da tsumma, juya baya, ya cika kwano."

Mai tsayawa: wanda ya sa hannu a bashin wani.
Muka yi shiru. Kawu Gocha ke nan,
da ya daina zuwa cin abincin Lahadi
tun da banki ya haddace lambar wayarsa.

Kadara: abin da ka mallaka, wanda za a iya yi wa kuɗi.
Na jera da fensir: tanderu, buhu tara, sikeli,
firjin nan mai gurnani da tsakar dare.
Ya naɗe hannun riga, ya ce in sa wannan,
tabon wuta daga wuyan hannu har gwiwa.
Na ce fom ɗin bai bar masa gurbi ba.

Diyya, gwanjo, karyewar jari,
na bi su da sauri kamar mai wuce gidan kare.
Shayi ya huce. Ruwa bai tsaya ba.

Can wajen ƙarshe, inda mai jan biro ya ja layi biyu
har takardar ta huje, na ga:
Amfanin da ya riga doka.
Sana'ar da sabon tsari ya tarar a wurinta,
ana iya barinta, muddin ba ta yanke ba,
ba ta ƙara ko taku ɗaya ba,
kuma mai ita ya kawo shaida.

Shaida? Baba bai taɓa ajiye rasit ba.
Ya tsaya, ya sosa ƙeya da gari,
sannan ya miƙa hannu bayan buhuna
ya jawo littattafan bashi, goma sha bakwai, duk maiƙo.
Tsiala, burodi biyu, za ta biya in fansho ya fito.
Malamin lissafi, uku. Gwauron bene na sama, ɗaya, ɗaya, ɗaya.
Kowace safiya da kwanan watanta,
har shekarun da ake ɗauke wuta birni ya kwana a duhu.
Rabinsu ba su biya ba. Wasu suna maƙabarta.
Inna ta sha yi masa faɗa a kan littattafan nan.

Wa'adi: iyakar lokacin da doka za ta jira ka.
Namu kwana talatin, shida sun tafi.

Ƙarfe huɗu na asuba ya hura wuta,
don kada a ce ta yanke.
Ni kuma na ɗaure littattafan da igiyar buhu,
na sa ƙamus a sama, na rufe da leda,
ina jiran bas ta farko,
burodi mai zafi a hammata saboda layin ofis.
Ban san ko mai jan biro ya ci tasa shari'ar ba.
Bai rubuta ba.